Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Takardun Neman Digirin Dakta a Jinyar Gaɓoɓi da Hannu

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a daidai batun neman gurbin karatu a Amurka. Yau labari zai ɗan huta, don ƙannenmu likitocin gashin ƙashi su san abin da ke gabansu kafin su ɓarnatar da dalarsu.

A fara bambance digirin. DPT, wato digirin dakta na gashin ƙashi, a can digirin shiga aiki ne, ta shafin neman gurbi na PTCAS ake nemansa. Wanda ya riga ya gama digirin farko, ko a Jami'ar Bayero ko wata, ya yi shekarar horon asibiti, ya karɓi lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, abin da yake nufi da ƙwarewa a jinyar gaɓoɓi da hannu shi ne DSc ko ScD, digirin dakta na ƙarin ƙwarewa, irin wanda Jami'ar Andrews ta jihar Mishigan ta yi suna da shi. Cike fom ɗin bai kai awa biyu ba. Abin da ke cin watanni shi ne kayan da za a haɗa masa.

Mafi nauyi shi ne lasisi. Yawancin waɗannan shirye-shirye na masu aiki ne, don haka suna neman lasisin taɓa majinyaci a Amurka. Hanyarsa ta bi ta hukumar tantance takardu irin FCCPT, sannan NPTE, jarrabawar lasisi ta ƙasar, wadda ake ci da maki 600 cikin 800. Sau shida kacal aka yarda mutum ya zauna mata a rayuwarsa, saboda haka ba a shiga don a gwada sa'a.

Wurin tantancewar nan ne ƙafa ke yawan zamewa. Ba sunan digirinka suke dubawa ba, darasi-darasi suke bi: awa nawa aka yi a aji, awa nawa a gaban gadon majinyaci, me aka koyar. Takardar sakamako kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da bayanin kowane kwas na shekarun da ka yi karatu, ba manhajar bana ba. Kuma jami'a ce za ta aika da kanta. Ambulan da ya bi ta hannunka, ko da hatimi a kansa, ana iya mayar da shi. Sau da yawa giɓin da ake samu ma ba a ilimin jiki yake ba, a darussan gama-gari yake, kuma wasu ana cike su da CLEP, jarrabawar da ke tsayawa a madadin kwas.

Sai suna. Fasfo ya ce Muhammad, shaidar digiri ta ce Mohammed, lasisi kuma ya sa sunan gari a ƙarshe. Mu a wajenmu mutum ɗaya ne, a wajensu mutum uku ne, kuma fayil zai kwanta ba wanda zai kira ka. A yi takardar rantsuwa a kotu tun kafin a tura komai. Matan da suka sauya suna bayan aure su haɗa da shaidar auren.

Sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL shekara biyu yake yi ya mutu, don haka kada a yi gaggawar rubuta shi alhali takardu ba su motsa ba. Wasiƙun shaida kuwa, ta shugaban sashen da ya ga hannunka a kan wuyan majinyaci ta fi ta babban farfesan da bai san fuskarka ba. A bayanin manufa a ambaci matsala guda, misali ciwon ƙugu mai sauka ƙafa, da yadda kake auna sauƙin da aka samu. Dogon yabon jami'a ba ya ƙara maki.

Tambaya ɗaya kuma a yi ta kafin biyan kuɗin fom: shin makarantar na ba da I-20, takardar da ake neman bizar ɗalibi da ita, a wannan shiri? Da yawansu ta intanet ake yi, sai ɗan zuwa na kwanaki don koyon aikin hannu, alhali dokar bizar ɗalibi ta F-1 kwas ɗaya tak na intanet take lissafawa a zangon karatu. Ana iya ba ka gurbi, ka rasa hanyar biza. In akwai I-20, sai kuɗin SEVIS, rajistar ɗaliban waje, dala 350 da shaidar banki ta kuɗin shekarar farko.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga ranar ganawa a ofishin jakadanci.