Shaidar da Na Bayar Ranar Godiyar Kaka

A farkon shekarar 2022 na sayi ƙaramin littafin rubutu, na yi wa kaina alkawari cewa ba zan kwanta ba sai na rubuta abu uku da Ubangiji ya yi mini a wannan yini. Labarin kutare goma da Yesu ya warkar a Luka 17 ne ya tura ni, domin da na duba addu'o'ina na tarar roƙo ne zalla, wato ni ma ina cikin taran da ba su komo su yi godiya ba. Sabon bai ba ni wuya ba, kafin damina ta kankama hannuna da kansa yake neman biro bayan addu'ar dare.

Sai ga ambaliyar watan Satumba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai ya cika ya batse, ya shanye gonakin fadama a yankinmu na Numan. Tamu gonar tana kan tudu, masara da dawa duk suka tsira. Ranar godiyar kaka na tashi a tsakiyar sujada da littafina a hannu, na ce ina gode wa Allah da bai bar mu mun zama kamar waɗanda ruwa ya cinye wa gonaki ba, domin yana sane da masu tuna alherinsa. Aka tafa mini. A benci na biyu kuwa akwai wata dattijuwa gwauruwa da muke zumuntar mata tare, wadda ta ci bashi ta noma shinkafa, ko buhu ɗaya ba ta ɗauka ba. Mun haɗa ido da ita, kuma ban yi shiru ba, wannan ne yake ci mini rai har yau.

Wata biyu ba ta leƙo zumunta ba, ni kuwa ban ma lura ba sai da matar Fasto ta kira ni ɗaki, ta buɗe mini Luka 18, sura ɗaya tak bayan kutaren da nake alfahari da su, ta nuna mini cewa Bafarisiyen nan mai taƙama da addini a misalin Yesu ma da godiya ya fara addu'arsa, godiyar cewa shi ba kamar sauran mutane yake ba. Da na koma gida na karanta littafina daga farko, kunya ta rufe ni, domin shafi bayan shafi ina godiya ne cewa ba ni ce a asibiti ba, ko 'ya'yana ba su lalace kamar na wance ba. Ashe kusan shekara guda na yi ina auna alherin Allah da asarar maƙwabta.

Na je gidanta na durƙusa na ce, "Mama, na ɓata miki rai a gaban jama'a, ki yafe mini." Ta ce, "'Yata, na yafe. Ni ma godiya na je yi ran nan, sai dai ba ni da buhun da zan kai gaba." Ita ce mai irin godiyar annabi Habakuk, wanda ya yi farin ciki da Ubangiji ko da gonaki ba su ba da abinci ba, ni da littafina ban kai nan ba.

Ban daina rubutun ba, amma duk wanda zai fara, ina roƙonsa ya riƙa karanta abin da ya rubuta, ya soke kowane layi da "ba kamar" ya shiga, kuma kafin ya tashi ba da shaida ya dubi waɗanda suke zaune a bencin. Mama ta komo zumunta bayan Kirsimeti, muna gaisawa lafiya, amma masarar da na aika mata a makon da na je neman gafara, jikanta ne ya dawo mini da ita washegari.