Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Farin Tabo

Gwaggo, Allah ya jiƙanta, kullum maganarta ɗaya ce: jiki magayi. To ni dai jikina bai gaya min komai ba. Ba ciwon mara, ba zubar jini, ina ta harkar ɗinkina. Sai ga nas ta miƙo min takardar gwajin da muka yi a asibitin unguwa, ta ce an ga canji a bakin mahaifata, in je babban asibiti a yi min kolposkopi.

Kafin in kai gida amarya ta riga ta ji. Ta bakin wa? Ita ta sani. Kafin la'asar duk dangin Malam sun san wai sankara ta kama ni, har wata ta zo gaisuwa tana share hawaye. Amaryar nan da na yi wa wankan jego da hannuna!

Ranar da na je, na roƙi Allah ya haɗa ni da likita mace, ya kuwa amsa. Ta ce, "Hajiya, wannan na'urar ba za ta shiga jikinki ba. Madubi ne mai fitila, daga waje yake ƙara girman abin da nake kallo." Ƙarfen buɗewa ne kawai ya shiga, da sanyinsa. Ta shafa ruwan khal da auduga, ya ɗan yi raɗaɗi. Ta ce wurin da ya canza zai yi fari, kuma ya yi, ɗan tabo a gefe ɗaya. Da ta bi da aidin ko'ina ya yi duhu, ban da nan. Sai ta ce in yi tari, ta tsinko ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa don a kai ɗakin gwaji.

Ina gyara zani take min bayani. Ƙwayar cutar HPV ce sanadi, ta hanyar kwanciya ake ɗaukarta, yawancin mata jikinsu kan kawar da ita da kansa. Wadda ta zauna takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, tana aiki shiru. Gwaggo, ina magayin? Sai a lokacin na tuna yadda ita kanta ta ƙare, zubar jini bayan ta daɗe da daina al'ada, ana ta jiƙa mata sassaƙe ana cewa sammu ne. Shi ya sa a 2023, da aka fara allurar rigakafin HPV a Najeriya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ni na kama hannun autata na kai ta, amarya na cewa allurar hana haihuwa ce.

Ɗigon jinin da ya biyo baya na tambaya a Islamiyya, malama ta ce jinin ciwo ne, in yi sallata.

Sakamako ya fito, CIN 2, wato canjin da ke bakin mahaifa ya kai mataki na biyu. Ba sankara ba ce, amma sai an cire wurin da wata 'yar waya mai lantarki, sannan in ƙaurace wa shimfiɗa kusan wata guda. Amarya na jin haka ta ce to kwanana ya zama nata. Abin da na faɗa mata a gaban Malam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.