Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Daga gidan burodin Kawu zuwa ƙofar hedikwatar soja

A makon jiya na tsaya a inda na kammala karatu a Kartum, babban birnin Sudan, na kwashe komatsaina na koma Umdurman gidan Kawu, ina jiran takardar shaida ta fito. Ga waɗanda ba su bi mu tun farko ba, Kawu ɗan ƙanen kakata ne ta wajen uwa. Mahaifinsa ya bar ƙasar Kano da ƙafa da niyyar Hajji, guzuri ya yanke masa a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, garin nan da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Nan ya yi aure, nan aka haifi Kawu. Gidan burodi yake da shi, kuma da na ga zaman ba shi da ranar ƙarewa sai na shiga aikin. Ni ke karɓar kuɗi a taga, ni ke ƙirga burodi ina zubawa a leda. Ta wannan tagar na kalli ƙarshen shekarar 2018.

Mutanen Kartum da burodi suke karyawa, da shi suke cin rana, da shi suke kwana. Ɗalibin da ba shi da ko sisi, idan ya sami burodi ya gutsuttsura a kwano aka zuba masa ruwan wake da ɗan mai, ya ci abinci ke nan. A watan Janairun shekarar farashin guda ɗaya ya tashi daga rabin fam zuwa fam guda. Da shekara ta miƙa, samun burodin ma ya zama aiki. Buhunan fulawa masu tallafi da ake kawo mana suka ragu, wata rana ma motar ba za ta zo ba. Kafin kiran assalatu layi ya zagaye kwana. Kawu ya ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, ni kuma aka bar ni da kallon idon mutane ina ce musu ya ƙare. Akwai wata dattijuwa mai sayar da shayi a bakin titinmu da ke riƙon jikoki marayu. Ranar da burodi ya ƙare a kanta ba ta yi faɗa ba, ba ta roƙa ba. Ta ninke ledarta a hankali ta soke a gefen mayafi, ta ce Allah ya ba mu alheri, ta juya. Kawu ya shiga ciki ya ɗauko na gidanmu ya bi ta da shi.

Layi kuma ba ɗaya ba ne. Akwai na man fetur, inda direbobi ke kwana a mota. Akwai na banki, wanda ya fi ci wa mutane rai, domin kuɗinka ne, guminka ne, amma a ce maka babu takardar kuɗi. A farkon shekarar gwamnati ta mayar da dala daga ƙasa da fam 7 zuwa fam 18, a watan Oktoba ta kai 47 da rabi, a kasuwar bayan fage kuwa ta wuce haka. Tsadar kaya ta doshi kashi 70 cikin 100. Tushen abin sananne ne: da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. A shekarun da kuɗin mai ke shigowa ba a gyara noma ba, gandun Jazira da kakanninmu Hausawa suka sha tsinkar auduga a cikinsa ya lalace, jirgin ƙasa ya durƙushe, abin da ya rage kuma jami'an tsaro da yaƙe-yaƙe suka lashe. An daɗe ana ɗora laifi a kan takunkumin Amurka. An janye takunkumin a watan Oktoban 2017, wahala sai gaba ta yi.

Amma duk wanda ya ce maka yunwa kaɗai ta kayar da shugaban Sudan Umar al-Bashir bai zauna da mutanen ba. Tun juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 da ya kawo shi kan mulki ake tara wannan ɓacin ran. An kori dubban ma'aikata an maye gurbinsu da 'yan jam'iyya, waɗanda jama'a ke kira kezan. An azabtar da mutane a gidajen sirri. An ƙone ƙauyukan Darfur har kotun duniya ta ba da sammacin kama shugaban a 2009. 'Yan sandan ɗa'a suna yi wa mata bulala a kan sutura, suna kwashe kujeru da butocin masu shayi. A watan Satumban 2013 an harbe matasa da yawa da suka fito kan farashin mai, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce sun kai wajen 200. Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai, mutumin da ba ya rasa jam'i, shi ne duk wannan da sunan addini aka yi shi. Mu Hausawa ma muna da namu tabon. A 2008 wata jarida ta ruwaito cewa Bashir ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, aka yi zanga-zanga a garuruwan gabas. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, amma Kawu, wanda bai san wata ƙasa ba sai wannan, bai taɓa mantawa ba. Ga shi kuma ana shirin gyara tsarin mulki don Bashir ya sake tsayawa takara a 2020. Tura ta kai bango.

Ba a Kartum wutar ta kama ba. 'Yan makaranta sun fito a Damazin tun 13 ga Disamba, amma ranar 19 ga wata ce ta sauya komai. A Atbara, birnin ma'aikatan jirgin ƙasa mai tsohon tarihin ƙungiyoyin ƙwadago, burodi ya tashi daga fam guda zuwa uku, ɗalibai suka fito, gari ya bi su, aka cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. A wayar ɗaya daga cikin masu kwaɓa mana fulawa muka ga hoton, hannunsa duk gari. Babu wanda ya yi magana, sai Kawu ya ce, "Atbara ta tashi? To, an gama." Cikin kwanaki kaɗan Gadarif da Bur Sudan da Dungula suka ɗauka.

Abin da ya hana tashin nan mutuwa kamar na 2013 shi ne tsari. Wata gamayya ta likitoci da malamai da lauyoyi da injiniyoyi, Tajammu'ul Mihaniyyin, ita ke fitar da jadawali: rana kaza, wuri kaza, ƙarfe ɗaya na rana. Mafi yawan shugabanninta ba a san fuskokinsu ba, don haka kama su ya yi wuya. Gwamnati ta toshe Facebook da WhatsApp, yara suka koya wa iyayensu yadda ake zagayewa. Ranar 1 ga Janairun 2019 gamayyar da jam'iyyun adawa suka sa hannu a kan sanarwar 'Yanci da Sauyi.

Autar Kawu ɗalibar likitanci ce a lokacin. Ita ta nuna mini yadda ake farawa. Za ka ga kasuwa kamar kullum, wannan yana taya tumatir, wancan yana jiran mota. Ƙarfe ɗaya na cika sai wata mace ta rangaɗa guɗa, irin guɗar da muke yi wa amarya a Kano sak, kafin ka ƙifta ido titi ya cika ana tafi ana cewa tasgut bas, wato ta faɗi kawai. Sai motocin jami'an tsaro marasa lamba su danno da barkonon tsohuwa da dorina. Na ga yarinya ta kife bokiti a kan gwangwanin hayaƙi tun yana juyi a ƙasa. Na ga gidajen unguwa sun bar ƙofofinsu a buɗe don duk wanda aka koro ya faɗa.

Ni Kawu ya hana ni fita. Ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne a takarda, kuma uwarka amana ta ba ni. In suka kama ka, cewa za su yi daga waje aka turo ka." Ba tsoron banza ba ne, domin a ƙarshen Disamba an nuna wasu ɗaliban Darfur a talabijin ana cewa su ne masu tayar da fitina. Martanin da titi ya ba da shi ne abin da ya fi taɓa ni a duk tashin. 'Ya'yan Kartum, waɗanda aka raina da ganin kansu sama da baƙar fata, suka fito suna rera cewa ya kai mai wariya mai girman kai, ƙasar duka Darfur ce. Da Kawu ya ji wannan daga bakin taga sai da ya share ido da gefen rawaninsa.

Jini ya zuba. Ranar 9 ga Janairu jami'an tsaro suka bi masu rauni har cikin asibitin Umdurman da harbi. Ranar 17 aka harbe Dakta Babikir Abdulhamid a unguwar Burri yana ƙoƙarin taimakon waɗanda aka raunata. A farkon Fabrairu malamin makaranta Ahmad al-Khair ya mutu a hannun jami'an tsaro a Khashmul Girba ta jihar Kasala, bayan azabar da baki ba zai iya faɗa ba. Kowace jana'iza sai ta zama sabuwar zanga-zanga. Bashir ya ce ba a sauya gwamnati da WhatsApp da Facebook, sannan ranar 22 ga Fabrairu ya kafa dokar ta-ɓaci ta shekara guda, ya naɗa hafsoshi gwamnonin jihohi. A watan Maris abin ya ɗan lafa, har wasu suka fara cewa ya sha.

Sai 6 ga Afrilu, ranar da aka kayar da tsohon shugaban ƙasa Ja'afar Numairi a 1985. Aka ce kowa ya nufi hedikwatar soja. Autar ta durƙusa gaban mahaifinta da safe ta ce, "Baba, yau ba zan zauna ba." Ya daɗe yana kallonta, ya ce shi ma a titi yake a 1985, ya sa mata albarka. Da yamma labari ya zo cewa mutane sun ratsa shingayen sun zauna a ƙofar hedikwatar, dab da gidan da Bashir ke kwana, kuma sun ce ba za su tashi ba. Washegari Kawu ya ware rabin burodin da muka gasa, ya dube ni ya ce, "Kai abinci ba laifi ba ne a kowace ƙasa. Ɗauki." Haka na haye gada da buhuna a bayan a-kori-kura.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Matasa sun tare hanyoyi da duwatsu, suna caje kowa da fara'a, maza na caje maza, mata na caje mata. An shimfiɗa zane an zuba kuɗi ana cewa mai shi ya ajiye, marar shi ya ɗauka. Ga tantin likitoci, ga masu rabon ruwa, ga mata masu shayi da aka sha wulaƙantawa sun zama su ke ciyar da dubbai. A kan gadar jirgin ƙasa samari na dukan ƙarfe da duwatsu dare da rana, sautin har cikin ƙirji. Da dare jami'an tsaro suka riƙa kawo farmaki, sai ƙananan sojoji suka buɗe musu wuta don kare jama'a, wasunsu suka rasa rayukansu. A ganina nan mulkin ya karye, tun kafin a sanar.

Ranar Alhamis 11 ga Afrilu rediyo ya tashe mu da kiɗan soja. Aka yi ta jira har bayan azahar, sannan ministan tsaro Awad Ibn Auf ya fito ya ce an tuɓe Bashir an tsare shi, sojoji za su riƙe ƙasa shekara biyu, an kuma sa dokar hana fitar dare. Murnar ba ta yi awa guda ba ta koma fushi, domin mai sanarwar mataimakin Bashir ne. Babu wanda ya motsa, dokar hana fitan ma a filin aka karya ta. Ranar Juma'a da dare Ibn Auf ya sauka ya miƙa wa Janar Abdulfatah al-Burhan, ranar Asabar shugaban hukumar leƙen asiri Salah Gosh ya ajiye aiki. Na tambayi Kawu ko mu daina kai burodi tunda an yi nasara. Ya ce Numairi ma soja ne ya sanar da faɗuwarsa, kuma shekara huɗu kacal aka yi wani sojan ya dawo, don haka in ƙara buhu ɗaya gobe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo zuwan jirgin ƙasan Atbara, da azumin da muka yi a filin, da abin da ya faru da asubahin 3 ga Yuni.