Rabin tarihin Katsina yana tsallaken boda

Hutun nan da ya wuce na ɗauki yaron yayata muka je Hasumiyar Gobarau, don ya dame ni wai malaminsu ya ce ita ce tambarin jihar Katsina amma shi bai taɓa ganinta ido da ido ba, alhali haihuwar cikin birni ne. Wallahi abin ya taɓa min zuciya. Ginin ƙasa ne fa, ƙasa da azara, tsayinsa wajen mita 15, yana nan tsaye tun zamanin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Korau, lokacin da malamai ke kwararowa garin nan daga Timbuktu da sauran wurare, har Al-Maghili ya zo ya zauna ya koyar. Da muka hau sama yaron ya yi shiru yana kallon rufin gidaje, can ya ce Kawu wai me ya sa ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, ba Nijar ba ce can?

To nan ne maganar ta yi tsawo. Na ce masa bayan da mutanen Shehu Ɗanfodiyo suka ci Katsina a 1807 aka naɗa Ummarun Dallaje, sarakunan Haɓe ba ɓacewa suka yi ba, arewa suka nufa da jama'arsu da tamburansu, har Ɗan Kasawa, ɗaya daga cikinsu, ya kafa mulki a Maraɗi, kuma har gobe sarautar can sunan Katsina take amsawa. Kusa da su ga Tsibiri inda Gobirawa suka zauna bayan faɗuwar babban birninsu Alkalawa a 1808. Turawa ne suka zo daga baya, Ingila da Faransa suka ja layi a takarda suka raba ɗan uwa da ɗan uwa, yanzu in kana son ganin sauran labarin gidanku sai ka bi ta Jibiya ka tsallaka, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, amma da aka rufe boda a 2023 sai ka ce wata duniya ce.

Ni abin da ke ci min rai shi ne ko wanda ke hannunmu ba mu riƙe shi da kyau ba. Ganuwar birni an cinye yawancinta, an ɗebi ƙasarta an yi gini, sai ƙofofi suka rage, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, da Ƙofar 'Yanɗaka inda Baturen nan Gwamna Lugga ya shigo a 1903. Durɓi ta Kusheyi can wajen Mani inda kaburburan sarakunan farko suke, mutum nawa ne cikinmu ya taka ƙafarsa? Kusugu ta Daura ita dai ta ci sa'a, labarin Bayajidda da macijiya ya riƙe ta, kowa ya je sai ya sha ruwan.

Daga Gobarau mun wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Mu kaɗai muka tarar a ciki ranar. Yaron ya ce hutu na gaba Maraɗi yake so mu je ya ga fadar, na ce masa in Allah ya kai mu za mu je, kuma da gaske nake, har na fara tambayar mota a tasha.