Mako shida ambulan yana cikin aljihun tebur

Ranar da malamina ya mayar mini da babi na biyu na kundin bincikena, shafin farko kawai na leƙa. Na ga jan biro tun daga sama har ƙasa, sai na mayar da takardun cikin ambulan, na tura aljihun tebur, na ce sai gobe. Goben nan sai da ta kai mako shida.

Kuma fa ba zama na yi ba. Na share ɗaki, na jera littattafai, na amsa saƙonnin da suka yi wata suna jirana. Kowane aiki na taɓa ban da wannan. Da dare kuwa, da zarar na kwanta na tuna da aljihun teburin sai gabana ya faɗi. Shi ya sa har yau ban yarda a kira wannan hali na jan ƙafa, wato ɗage aiki zuwa gobe, lalaci ba. Malalaci yana jin daɗin hutunsa, ni kuwa ko awa ɗaya ban samu sukuni ba.

Da farko na ɗauka rashin iya tsara lokaci ne, na rubuta jadawali na manna a bango. Bai hana komai ba. Sai daga baya na ci karo da bayanin Fuschia Sirois da Tim Pychyl, masana halayyar ɗan Adam, wanda suka wallafa a 2013. A ganinsu, mai jan ƙafa yana neman sauƙin zuciya ne na ɗan lokaci. Aiki ya tayar masa da tsoro, ko kunya, ko gundura, ko ruɗanin rashin sanin ta ina zai fara, sai ya kauce, nan take ya ji sanyi. Wannan sanyin ne ke koya masa ya sake kaucewa gobe, nauyin kuma yana can yana jiransa, ya ƙara girma.

Da na karanta, na gane abin da nake gudu. Ina tsoron jan biron nan yana cewa ban cancanci karatun ba. Muddin ban buɗe ba, hukuncin bai tabbata ba.

Sauƙin kuwa bashi ne. A 1997 masu bincike Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗaliban jami'a tsawon zangon karatu. Masu jan ƙafa sun fi samun kwanciyar hankali da farko, amma a ƙarshen zango sun fi sauran damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Ni ma a mako na biyar barci ya ƙaurace mini, ga ciwon kai kusan kullum.

Yayata ce ta kawo ƙarshen abin, ba tare da ta yi niyya ba. Ta zo gaishe ni, ta tambayi yadda aikin ke tafiya, na ce malam ya yi gyara da yawa.

"Me ya ce ka gyara?"

"Yaya, ban karanta ba tukuna."

Ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera ta ce, "Ɗauko, ƙanina. Kai dai karanta, ina nan zaune."

Hannuna na rawa na buɗe. Yawancin jan biron waƙafi ne da aya da yadda ake ambaton marubuta. Sakin layi ɗaya ya ce in mayar da shi gaba. Gyara mai nauyi guda ɗaya ne tak, a kan yadda na bayyana hanyar binciken, kuma yana da gaskiya. Kwana tara na yi na gama. Na ji takaici ƙwarai, don wahalar da na sha a mako shida ta ninka ta kwana taran nan.

Tun daga nan na daina cewa "zan yi aikin". Sai in faɗi lokaci da wuri da matakin farko: ƙarfe takwas na safe, a kan wannan tebur, shafi biyu. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina zagin kaina. Na ɗauka tsangwamar kai ce za ta tashe ni, ashe ita ke ƙara sa aikin ya zama abin gudu. Wani bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada a 2010 ya gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu.

Halin bai rabu da ni gaba ɗaya ba. Da malam ya miƙo mini babi na uku, na ji gabana ya faɗi kamar wancan karon, har zuciyata ta fara cewa bari sai na isa gida. Na tsaya a barandar ofishinsa, na jingina da bango, na buɗe ambulan ɗin a tsaye, na karanta har shafin ƙarshe.