Sati uku na bazara a Maraɗi tare da ɗan yayata

Bayan ƙaramar Sallar 2023, a ƙarshen watan Afrilu, muka aurar da autarmu. Yayata da ke aure a Lome ta zo biki tare da babban ɗanta, saurayi ɗan shekara 16 wanda rabonsa da Maraɗi tun yana goye. Da aka watse ta koma, ta bar mini shi na sati uku. Ta ce, "Ka nuna mashi garin uwayenai, kada ya tashi bai san inda cibiyarmu take ba."

Na karɓi amanar da zumuɗi. A daren na zauna na jera wuraren da za mu je, kamar mai shirin tafiyar fatauci. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne rana.

Litinin ta farko na ce mu fara da Babbar Kasuwa, tunda Litinin da Juma'a ne take cika. Ba mu fita ba sai wajen ƙarfe 11, don na tsaya wani aiki. Muka shiga layin masu atamfa, muka fita ta wurin masu takalma, muka kutsa cikin masu kayan miya. Yaron yana ta kallo yana tambaya, ni kuma daɗi ya ɗebe ni. Wajen ƙarfe ɗaya na lura ya yi shiru. Na juya na ga leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya ce, "Kawu, ƙasa tana juya mini." Kafin in riƙe shi ya durƙushe.

Wani dattijo mai sayar da tabarmi ne ya cece mu, Allah ya saka masa. Ya janye kayansa, muka kwantar da yaron a cikin rumfa, ya sa aka kwance masa maɓallan riga, ya jiƙa rawaninsa ya ɗora masa a wuya da hammata, yana yi masa fifita da mahuci. Da ya farfaɗo aka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Daga nan na sa shi a adaidaita sai likita, aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu.

Malamin jinyar da ya duba shi ne ya fahimtar da ni abin da ya faru. A bakin teku iska jiƙaƙƙiya ce, zufa tana tsayawa a jiki, mutum yana ganinta ya san yana asarar ruwa. A nan kuwa, a Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, iskar kuma busasshiya ce ƙayau, tana lashe zufar tun ba ta taru ba. Baƙo sai ya ga rigarsa a bushe ya ɗauka lafiya lau yake, alhali jikinsa yana tsiyayewa. Ya ce kada in jira sai yaron ya ce yana jin ƙishirwa, kuma in riƙa tambayarsa launin fitsarinsa: in ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Ya koya mini haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da muka dawo gida Inna ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi mini zafi. Ta dubi jikanta, ta dube ni, ta ce, "Mi ya kai ku kasuwa da tsakar rana? Ko jaki inuwa yake nema a lokacin ga. Da safe ake kama fara." Ita ce ta sake tsara mana sauran kwanakin: fita bayan sallar asuba, dawowa kafin hantsi ya ƙosa, sannan ba mai sake leƙa ƙofa sai la'asar sakaliya.

Safiyar farko da muka bi wannan tsari muka gangara gulbi. Na yi shekaru ban taka wurin da ƙafa ba, kullum a kan babur nake wucewa. Mun bi ta tsofaffin unguwanni, Bagalam da Ƴan Daka, mata suna shara, masu koko da ƙosai sun hura wuta, ƴan ga-ruwa suna tura kurarsu tun da duku-duku don su cika randunan mutane kafin rana ta yi. Da ƙasa ta fara gangarewa sai muka ji iskar ta canja. Akwai sanyi-sanyi a cikin kwarin, da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga lambuna. Gulbin Maraɗi kansa a lokacin yashi ne zalla. Yaron ya tsaya a tsakiyarsa ya ce, "Kawu, wannan ne kogin?" Na ce masa ya dawo a watan Agusta ya sake tambayata. Ruwan daga Najeriya yake tasowa, ta wajen Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya ratsa ƙasarmu ya sake komawa can. A 1945 ya yi cikar da ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, shi ya sa aka hau da Maraɗi kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu irin waɗanda ake gani yau. Inna tana da labarin daga bakin mahaifiyarta, kuma da muka koma ta ba shi da kanta, har da yadda aka riƙa kwasar hatsi daga rumbuna a kan kai.

A wani lambu mun tarar da mutum yana ban ruwa da ɗan inji, ruwan yana bin kwalbatin ƙasa daga fangali zuwa fangali, shi kuma yana buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan. Ya bar yaron ya gwada. Ya tsinko mana mangwaro huɗu ya ƙi karɓar kuɗi, wai baƙo ba ya sayen na farko. Muka zauna a gindin itacen muka sha, ruwan yana bin gwiwar hannu. Ƙarfe tara da rabi muna gida.

Washegari muka je ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. A nan ne na ga amfanin zuwa da wuri, don dattawan da ke zaune a wurin ba su gaji ba tukuna, suna da lokacin yaro mai tambaya. Ɗaya daga cikinsu ya warware masa abin da ya daɗe yana ɗaure masa kai, wato dalilin da ya sa ake cewa Katsina alhali ana Maraɗi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar ya yi hijira, ya yi ta yawo shekara goma da ɗoriya kafin Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a nan. Sarautar ba ta canja suna ba, da sunanta ta zo. Ya kawo masa labarin Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙensa, ya kuma ce in muna son ɗaya rabin labarin mu je Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa tasu fadar. Mun je bayan kwana biyu, tafiyar kilomita goma da ƴan kai ce, mun gaida mutane mun dawo.

Majema ce ta fi burge shi, ko da yake da farko ya toshe hanci. A Lome ya saba ganin jakunkuna da takalma a shago, bai taɓa ganin yadda ake jeme fata ba. Ya ga inda ake jiƙa ta don gashi ya saki, ya ga ana karta ta da wuƙa a kan gungume, ya ga ramin da ake tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce ke hana ta ruɓewa. Majemin ya miƙo masa fatar jar akuya ya ce ya murza. Laushinta kamar ƙyalle. Wannan akuya da sunan garinmu aka san ta a duniya, jar akuyar Maraɗi, kuma saboda fatarta da yawan haihuwarta aka kafa mata cibiyar kiwo a nan tun 1963. Ni da aka haifa a garin, sai a ranar na fara riƙe fatar da hannuna ina sanin abin da na riƙe.

Tafiya mafi nisa ita ce ta Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da gari. Kafin mu je sai da na tambayi direbobin hanyar da wani abokina ɗan can, domin yankin bakin iyaka ya sha fama da ƴan bindiga, kuma ba na wasa da ɗan mutane. Suka ce babbar hanya da safe ba matsala, amma kada mu ratse cikin daji, kada kuma mu kai yamma. Haka muka yi. Mun tsaya a Jiratawa ya ga gonakin zogale, kore shar a tsakiyar rani, mata suna tsinka suna cika buhuna. Tafkin ya ja baya sosai, ya bar laka mai tsattsagewa a gefe, amma masunta suna cikin kwale-kwalensu, tsuntsaye fari fat a bakin ruwa. Wani tsoho ya nuna mana ɗaya daga cikin kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da tafkin. Mun sayi soyayyen kifi da yaji, kafin azahar mun shigo gari.

Sai tsakar rana, wadda na fi jin tsoro, don na ɗauka zai ƙosa ya manne wa waya. Ai kuwa kwana biyun farko haka aka yi. Da wuta ta fara ɗaukewa, wayar ta mutu, fanka ta tsaya, ɗaki ya zama tanda, dole ya fito gindin bedin ƙofar gida inda tsofaffi suke. A nan maƙwabcinmu ya koya masa dara. Ya tona gurabe talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, ya ba shi tsinke goma sha biyu, shi kuma ya ɗauki tsakuwa goma sha biyu. In ka jera uku ka ci ɗaya na abokin wasa. Kwana huɗu ana cinye shi. A na biyar ya ci wasa ɗaya, tsohon ya cire hula ya ce, "Yaron ga jinin gidan ga ne." Ban taɓa ganin fara'a irin ta ranar a fuskarsa ba.

Abincin rana ma Inna ta sauya shi. Ba tuwo, ba maiƙo, sai fura da nono mai sanyi, wani lokaci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ƙanƙarar da muke saye dala goma ta koma dala ashirin, wata rana ma a neme ta a rasa, amma randar Inna ba ta taɓa ba mu kunya ba. Tana zaune a kan jiƙaƙƙen yashi a lungun da iska ke bi, an rufe ta da faifai. Yaron ya yi ta mamakin yadda ruwa ke sanyi ba lantarki. Na nuna masa raɓar da ke tsattsafowa a jikinta: ƙasar randa tana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana fitowa, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin. Ya ce, "Kenan randa ma zufa take yi." Na ce haka ne, iskar da ta kayar da kai a kasuwa ita ce ke sanyaya maka ruwa.

Da dare kuwa garin yana dawowa da ransa. Bayan magariba ake yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙasa ta huce, a fito da katifu da gidan sauro. Mu kuma mu fita. Na kai shi fadar ƙannena, wato majalisar hirar samari, a unguwar Zariya, inda ake dafa shayi a kan gawayi, ana ɗaga buta sama ana zubawa har kumfa ta cika ɗan kofi. An yi ta gardamar ƙwallo da kokowa. Da suka ji bai san Kantu ba sai suka yi masa ca, kowa yana son ya zama shi zai ba shi labarin ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokowar garin ke ɗauke da sunansa. Shawarata ga mai kai baƙo fada ita ce ya hana shi shan shayin dahuwar fari in ya wuce ƙarfe tara, don ranar da ya sha bai runtsa ba sai kusan asuba. Daga fada mukan biya wurin mai tsire, ko mu sayi soyayyar fara a leda. Ita ma da farko ya ƙi, daga baya shi ke tuna mini.

Mun koma Babbar Kasuwa ranar Juma'ar ƙarshe, ƙarfe takwas na safe, da gorar ruwa a hannun kowa. Muka nemi dattijon nan mai tabarmi, yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi turaren da mahaifiyarsa ta bari. Tsarabar da ya zaɓa wa kansa ba ta wuce uku ba: takalmin fata, ƙullin kilishi, da ɗan tulu. Na ce masa tulun ba zai yi aiki a Lome kamar yadda yake yi a nan ba. Ya ce ya sani, yana so ne kawai. Inna ta naɗe masa shi da tsohon zane, ya rungume shi a cinya tun daga tasha.

Bayan sati guda ya kira ni. Tulun ya isa lafiya bai fashe ba. Ya cika shi ya ajiye a baranda kwana biyu, jikinsa ya jiƙe sharkaf, amma ruwan bai yi sanyin na Inna ba. Ya ce in gaya wa maƙwabcinmu ya tona gurabe talatin a bayan shagon babansa, kuma har ya koya wa yara biyu.