Kogon da ke bakin teku a Covesea

Jiya na shiga kogon da ake kira Sculptor's Cave, a gaɓar tekun Moray da ke arewacin Sikotland, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake. Sai ruwa ya janye ake samun hanya, don haka muka jira, sannan muka bi ta kan duwatsu masu santsi.

Kogon ƙofa biyu gare shi, a nan ne mutanen Pict, mazauna yankin a zamanin da, suka sassaƙa alamominsu shekaru fiye da 1,000 da suka wuce: ga kifi, ga jinjirin wata da wata sanda mai lanƙwasa ta ratsa. Har yau masana ba su yi ittifaƙi kan ma'anarsu ba. Na daɗe tsaye gaban kifin nan, wallahi kai ka ce yanzu mai sassaƙar ya ajiye kayan aiki ya fita.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙasusuwan mutane da Sylvia Benton, wata masaniyar kayan tarihi, ta fara tonowa a ciki a 1928, da yawa na yara ne, wasu na wuya kuma ɗauke da tabon sara. Na yi ta tunanin waɗanda suka ɗauko gawar ƙaramin yaro suka biyo wannan muguwar hanya da ita. Ko da muka fito, ruwa ya fara dawowa.